Zinaren Ostireliya da ake nuna wa samarinmu a waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan alheri gareka da duk ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka daure ka bani fili ko da zan ɗan ja zance, don maganar ta daɗe tana ci min rai kuma na gaji da amsa ta ɗaya bayan ɗaya a WhatsApp, gara in faɗe ta inda kowa zai gani.

Akan bidiyoyin nan ne da suke ta yawo a TikTok da Facebook, zaka ga Bature a cikin daji da malafa a kai yana kaɗa wata na'ura mai faifai a bakin sanda, can sai tayi ƙara, ya sa diga ya sari ƙasa sau biyu sau uku sai gashi ya ɗago dunƙulen zinare yana ihu, sannan wani ɗan'uwanmu ya ɗora murya da Hausa a kai wai a Ostireliya tsintar zinare ake a ƙasa kuma gwamnati bata hana kowa. Ni a jihar Biktoriya ta Ostireliyar nake zaune, aiki ne ya kawo ni garin Ballarat, kuma da yawan waɗannan bidiyoyin a dazukan da suke kewaye da mu ake ɗaukar su. Tunda samarin gida suka gane inda nake wayata bata huta ba. Wannan yace Yaya a samo min biza, wancan yace Kawu a sayo min injin in na samu zan biya, har da wanda yace min sun gama magana da ƙannen shi zasu sai da gonar da mahaifinsu ya bari a haɗa mishi kuɗin jirgi. Wannan kam ya tsaya min a zuciya sosai.

Toh zinaren dai akwai shi, ba ƙarya bane. Yankin da ke tsakanin Ballarat da Bendigo da St Arnaud, garuruwa irin su Dunolly da Maryborough da Wedderburn da Tarnagulla, duk duniya an san shi da manyan dunƙule. Amma bidiyon baya gaya muku su waye masu kaɗa na'urar. Wallahi mafi yawansu tsofaffi ne da suka yi ritaya, fanshonsu na shigowa, gidan kansu suke zaune, sun ja motar kwana sun tafi daji shan iska da matansu, sai kuma masu gyaran famfo da direbobi da malaman asibiti da suke fita Asabar da Lahadi su koma bakin aiki ran Litinin. Ni dai ban taɓa haɗuwa da wanda yace min da wannan yake ciyar da iyali ba. A wajensu kamar kiwon doki ne a wajenmu, mai doki ai ba riba yake jira ba, kullum shi ke kashewa ga dusa ga harawa ga kanwa, daɗin shi dai ya hau ran sallah, kuma ba mai fara kiwon doki sai wanda tukunyar gidan shi take tafasa.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon makanike ne, shi yake ɗaukata in ina da hutu mu shiga dajin wajen Dunolly, a hannun shi na ga yadda abin yake in babu kyamara. Tun asuba ake fita. Dajin duk itacen turare ne, ƙasar ja mai tsakuwa, ko'ina ka duba tsoffin ramuka ne da tarin ƙasar da mutanen baya suka bari, dole ka taka a hankali don wasu ramukan ganye ne kawai ya rufe bakinsu. Zaka sa abin ji a kunne ka riƙa kaɗa faifan dab da ƙasa, taku ɗaya kaɗawa ɗaya, na'urar tana ta zuuu a kunnenka ba tsayawa kai kuma kana kasa kunne ka ji inda muryar zata ɗan canza. In ta canza sai ka share ganyen da takalmi ka sake kaɗawa, ka sa diga, ka ɗebo ƙasar a ludayin roba kana gifta ta kan faifan kana rabawa biyu kana zubar da rabi har abin ya rage a tafin hannunka. Sai ka ga ƙusar takalmi ce mai tsatsa. Na gaba harsashin bindigar farauta, na gaba guntun waya, na gaba marfin gwangwani, wani sa'in ma dutse ne kawai mai ƙarfe a jiki yake yaudarar na'urar. Ga ƙudaje sun cika maka fuska, ga macizai masu mugun dafi in lokacin zafi ne, in kuma sanyi ne wato Yuni da Yuli a nan yatsunka ma basa lanƙwasuwa. Haka za'a wuni, kafaɗa ta riƙe, a dawo da aljihu cike da tarkace. Ranar da aka dace sai a samu 'yar ƙwaya da bata kai rabin giram ba, dattijon nan ya jefa ta a baki ya wanke da miyau ya ɗaga ta a rana yana murna har idon shi na ƙyalli, ya jefa a wata 'yar kwalbar magani. Ya taɓa juye min kwalbar a hannu, abin da ya tara shekara da shekaru ko tsakiyar tafina bai rufe ba, kuma da bakin shi yace in aka haɗa kuɗin mai da tayoyi da na'ura har yanzu shi ke bin dajin bashi, amma ya fi mishi zaman gida gaban talabijin.

Na'urar ma ba arha ba fa. Wadda aka fi yarda da ita ta kamfanin Minelab ce, na nan Ostireliya ne a birnin Adelaide, ƙaramarsu Gold Monster ta haura dala 1,000 ta nan, wata babba kuma GPZ 7000 wajen dala 10,000 take. Mutanenmu da suka je Djado da Tchibarakaten a Nijar daga 2014, ko Sudan kafin nan, sun san sunan na'urarsu GPX ai, sun kuma san yadda jabu suka cika kasuwa, mutum ya sai da shanu ya sayo kwali mai kyau ya je tsakiyar Sahara ya tarar abin ciki baya ji. Sannan a sani na'urar bata hango zinare can ƙarƙashin ƙasa yadda ake zuzutawa, ƙarfe take ji kowane iri ne, kuma ƙananan ƙwayoyi in sun wuce taƙi ɗaya ko biyu a ƙasa shikenan sun ɓace mata. A Sahara tayi aiki saboda dunƙule ne kusa da sama. Zinaren su Bagega da Dareta na Zamfara kuwa a cikin dutse yake gari-gari, sai an fasa an niƙa an wanke, na'ura bata raba ka da wannan wahalar.

Manyan dacen da ake ba da labari kuma ƙidayayyu ne. Ranar 5 ga Fabrairu 1869 wasu mutum biyu 'yan Cornwall ta Ingila, John Deason da Richard Oates, suka tono dunƙulen da ake kira Welcome Stranger a gindin wata bishiya a Moliagul, ƙasar da ke kan shi bata fi yatsa biyu ba, tsantsar zinaren wajen kilo 72, da suka kai banki a Dunolly babu sikelin da zai ɗauke shi sai da aka kai wa maƙeri ya sassara akan uwar maƙera, aka biya su sama da fam 9,000. Uwar maƙerar tana nan har yau a gaban gidan tarihin Dunolly. A 1980 wani Kevin Hillier ya samu mai kilo 27 da na'ura a Kingower, yanzu dunƙulen yana ajiye a wani gidan caca a Las Vegas ta Amurka. A 2023 kuma jaridu suka ɗauki labarin wani da bai yarda a faɗi sunan shi ba, ya samu dutse mai kilo 4.6 da zinare kilo 2.6 a ciki. Ku duba tazarar shekarun nan, ku kuma sani dubun dubatar mutane ne suke da izinin shiga dajin. Mai bidiyo ba zai ɗora muku watannin da yayi yana tono ƙusa ba, minti ɗayan nan zai ɗora, wasunsu ma bidiyon ne abincinsu da tallan na'ura.

Maganar biza kuma a taƙaice, babu wata bizar zuwa tsintar zinare, duk wanda yace ka kawo kuɗi zai yi maka ita ɗan damfara ne. Bizar yawon buɗe ido bata yarda kayi aiki ba, haya da abinci a nan kuma zasu cinye kuɗin gonar tun kafin hannunka ya saba da na'urar.

Abin da naso a ce mutanenmu sun gani a bidiyon, Malam Edita, yana cikin aljihun mutumin ne kuma ba'a nuna shi. Wata takarda ce da ake kira Miner's Right. A doka zinaren da ke cikin ƙasa a nan ma na gwamnati ne, daidai da yadda tsarin mulkinmu da dokar ma'adinai ta 2007 suka ce duk ma'adinan Najeriya na gwamnatin tarayya ne. Sai dai a nan duk wanda ya kai shekara 18 zai shiga intanet ya sayi takardar cikin 'yan mintoci, lokacin da na sayi tawa bata kai dala 30 ba kuma ta shekara 10 ce, ba sai ka san wani ba, ba sai ka je babban birni ba, kuma abin da ka tono da ita naka ne halak malak, ka sayar ko ka ajiye. Yara ma suna yi in suna tare da babba mai takarda. Amma tana da sharuɗɗa masu tsauri, kayan hannu kawai aka yarda, diga da shebur da kwano da rariya da na'ura, banda injin tono, banda nakiya, banda sare bishiya, banda taɓa wuraren tarihi na asalin masu ƙasar, gonar mutum sai da izinin shi, akwai dazuka da rafukan da aka ce sam ba'a nema a ciki, kuma duk ramin da ka tona sai ka mayar da ƙasar. Dattijon nan ko ramin da bai fi zurfin hannu ba sai ya cike ya tattake ya jawo ganye ya rufe, na tambaye shi yace in suka riƙa barin ramuka gobe a rufe musu dajin gaba ɗaya. Ba duka bane waliyyai, akwai masu barin rami a buɗe akwai masu shiga gonar mutane da dare, kuma rigima bata ƙarewa tsakanin ƙungiyar masu neman zinaren da masu kare muhalli duk sanda gwamnati zata killace wani daji, amma a takarda ake rigimar da taruwa gaban majalisa da kwalaye.

Kar kuma a ɗauka don masu shan iska aka ƙirƙiro takardar nan. Asalinta ta talaka ce mai haƙa don ya ci, kuma sai da jini ya zuba aka same ta. A 1851 aka gano zinare a Clunes da Ballarat da Castlemaine da Bendigo, duniya ta ɓarke ta taho, daga Ingila da Ailan da Jamus da Amurka da Chaina, mutanen Biktoriya daga kamar 77,000 a 1851 suka kai wajen 540,000 a 1861, a farkon abin ma Melbon ta kusa zama kango don ma'aikata har da 'yan sanda sun ajiye aiki sun tafi tono. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa lasisi sule 30 duk wata, ka samu ko baka samu ba sai ka biya, kuma baka da ƙuri'a. 'Yan sanda akan dawaki suna farautar marasa lasisi, a fito da mutum daga rami jiƙe sharkaf a ce nuna takarda, in babu a ɗaure shi da sarƙa a jikin kututture, ga cin hanci, ga shi rabin tarar ma aljihun wanda ya kama ka take shiga. Da gwamna Charles Hotham ya zo a 1854 sai yace a riƙa farautar sau biyu a mako. Duk wanda ya taɓa zama a wajen haƙa a ƙasarmu ya san irin wannan rayuwar.

Ƙarshen Nuwamba 1854 masu haƙa suka taru a Bakery Hill a nan Ballarat suka ƙona lasisin, suka ɗaga tutarsu shuɗiya mai taurari, suka kafa shingen katako a wajen da ake kira Eureka ƙarƙashin wani ɗan Ailan mai suna Peter Lalor. Asubahin Lahadi 3 ga Disamba sojoji da 'yan sanda suka afka musu, ko rabin awa ba'a yi ba an gama, aƙalla masu haƙa 22 suka mutu da wasu sojoji, Lalor ya rasa hannu ɗaya. Aka gurfanar da mutum 13 da laifin cin amanar ƙasa wanda hukuncin shi rataya ne, wanda aka fara yi wa shari'a baƙar fata ne daga Amurka sunan shi John Joseph, kotu ta wanke shi, jama'a suka ɗora shi akan kujera suka zaga titunan Melbon da shi, kuma cikin 13 ɗin nan ba ko ɗaya da aka samu da laifi. A 1855 gwamnati ta soke lasisin wata-wata ta kawo wannan takardar, fam 1 a shekara, mai ita yana da ƙuri'a, masu haƙa suna zaɓen mutanensu a kotunan da suke sasanta rigimar ramuka, kuɗin da gwamnati take nema kuma ta koma karɓar shi a matsayin haraji akan zinaren da za'a fitar waje. Wato aka sakar wa mai diga mara, aka je aka tsaya a tashar jirgin ruwa inda zinaren yake taruwa a hannun manya. Lalor ɗin nan daga baya har kakakin majalisar Biktoriya ya zama, tutar kuma tana nan a gidan tarihi na Eureka Centre duk a yayyage ana zuwa kallo.

Ba cewa nake kowa ya ɗau makami ba, Allah ya kiyaye, mu da muka ga abin da bindiga tayi wa Zamfara da Birnin Gwari bama buƙatar ƙari. Abin da yake min ciwo shine gwamnatin nan ta ga gawa 20 da wani abu ta canza tsari cikin 'yan watanni, mu kuwa mun binne ɗaruruwa kuma mai haƙa yana nan inda yake.

Akwai wani waje kusa da Castlemaine da ake kira Pennyweight Flat, maƙabarta ce akan wani tudu mai duwatsu, an zaɓe shi ne saboda ba zinare a wajen ba wanda zai zo ya tone. Wajen mutum 200 aka binne a nan tsakanin 1852 da 1857, da yawa yara ne da jarirai, gurɓataccen ruwa da atini da zazzaɓi suka kwashe su. Kaburburan gajeru ne, an jera duwatsu an kewaye don ƙasar bata tonuwa da zurfi, yawanci ko suna babu. Wallahi ban iya daɗewa a wajen ba, Dareta da Yargalma da Abare da Bagega kawai nake gani. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka bincika aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake shigowa da shi cikin gida ana dakawa a turmi ana niƙawa a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suna dafa ƙasa suna kai hannu baki, aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Bagega sai 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Nuwamba 2021 rami ya rufta da mutane a wajen Ɗan Issa a jihar Maraɗi, aƙalla 18 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Duk waɗannan abinci suka fita nema, ko iyayensu suka fita nema musu.

Ko a nan ma ƙasar bata gama warkewa ba bayan shekara 170. Asalin masu ƙasar, Wadawurrung na Ballarat da Dja Dja Wurrung na Bendigo, an ture su daga rafukansu an birkice musu komai, har yau suna ce wa yankin ƙasar da aka kife. 'Yan Chaina an ɗora musu harajin fam 10 kowane kai a 1855 har suka koma sauka a Robe ta jihar maƙwabta suna takowa a ƙasa sama da kilomita 400. Har yau hukumar muhalli tana gargaɗi kar a bar yara suyi wasa a tarin yashin tsoffin ma'adinai saboda gubar asanik, zaibar da aka yi aiki da ita tana nan a lakar wasu rafuka, wani lokacin ma tsohon rami ya buɗe a bayan gidan mutum a Bendigo. A ƙasa mai kuɗi kenan da asibitoci da injiniyoyi. Toh mu da ake ƙona zaiba akan garwashi mai goyo na tsaye a wajen tana shaƙa, me muke ajiye wa jikoki?

Su dai sun mai da tarihin abinci. Tun 1970 suka buɗe Sovereign Hill a nan Ballarat, an sake gina garin yadda yake a da, da shaguna da keken doki da maƙera da rami da ake shiga, motocin 'yan makaranta da baƙi basa yankewa, yanzu ma suna neman UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Akwai ɗan rafi a ciki da suke zuba garin zinare na gaske, a baka kwano da shebur, ka ɗebo tsakuwa ka nutsa a ruwa ka jijjiga, ka karkata bakin kwanon ruwa ya tafi da na sama, ka sake jijjigawa, tunda zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19 kullum ƙasa yake komawa, har ya rage baƙin yashi kawai, ka juya ruwan a hankali sai ka ga ɗigo-ɗigo rawaya sun tsaya a gefe. Yara ihu suke in sun gani. Ni kuma ina tsaye ina tuna matan da suke wankin zinare da ƙwarya da tasa a rafukan wajenmu tun safe har la'asar, wallahi sun fi duk wanda na gani a nan iya hannu nesa ba kusa ba, amma su in an gansu masu laifi ne.

An hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilu 2019, aka ɗage a Disamba 2024. Duk mai ɗan'uwa a yankin ya san ba'a daina haƙa ba a tsakani, mai tsoron doka ne ya daina, sauran suka koma ƙarƙashin masu bindiga suna biyan su kaso. Na san dokarmu ta tanadi ƙaramin lasisi da rajistar ƙungiyoyin masu haƙa, amma takardun da taswirar da kuɗin da ake nema sun fi ƙarfin mutum ɗaya mai diga da buhu a Maru ko Anka, wanda wataƙila ko boko bai yi ba. Me zai hana a yi mishi kati nashi na kan shi, da hoton shi, a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuɗin da bai fi ƙarfin shi ba, a rubuta sharuɗɗan da Hausa da ajami a bayan katin, ba'a kai dutse cikin gida, ba'a niƙa shi a bushe sai da ruwa, ba yaro a rami, rami mai zurfi sai da tokari, mai haƙa ya wanke jiki ya canza kaya kafin ya ɗauki ɗan shi, wanda ya karya a ƙwace katin. Masu haƙan su zaɓi dattawansu da zasu zauna da hakimi su raba rigimar ramuka. A kafa wajen saye mai sikelin gaskiya kusa da su. Haraji kuma a je a karɓa wajen manyan dillalai da masu ɗauka su hau jirgi zuwa Dubai, can ne kuɗin yake. Mutumin da yake da kati yana da abin da zai yi asara, kuma in an zalunce shi zai iya zuwa wajen hukuma da ƙafar shi, yanzu kuwa in ya je shi za'a fara kamawa. Na san in ba tsaro babu abin da zai yiwu, amma shi kanshi tsaron baya samuwa in dubban samari suna ganin duk mai kaki maƙiyinsu ne.

Ku kuma ƙannena da 'ya'yana masu turo min saƙo, dan girman Allah ku bar gonar nan. In da gaske harkar ma'adinai kuke so a Ostireliya, akwai manyan kamfanoni a su Kalgoorlie ta yamma da Fosterville kusa da Bendigo, amma masu sana'a suke ɗauka, injiniyan ma'adinai, masanin duwatsu, makaniken manyan motoci, mai aikin lantarki, mai walda da takardar shaida. Hanyar doguwa ce, sai karatu da jarabawar Turanci da haƙuri, amma ita ce take ɓullewa. In Allah ya kawo ka ta nan ka samu aikinka, ni da kaina zan kai ka dajin Dunolly ran Asabar in ara maka na'ura.

Roƙona gareka Malam Edita, ka tura wakilinka Gusau da Minna da Abuja ya zauna da jami'an ma'adinai, ya sa su faɗa dalla-dalla matakan da ƙaramin mai haƙa zai bi ya samu izini, nawa zai biya, wane ofis zai je, wata nawa zai jira, sannan ya je bakin rami ya tambayi masu haƙan ko sun taɓa jin wannan, ku buga mana duka biyun da Hausa a shafi ɗaya. Masu ɗora murya akan bidiyon Turawa kuma suji tsoron Allah, in zaku fassara ku fassara duka har da inda mutumin yake cewa ya daɗe bai samu komai ba.

Na gode da filin da ka bani. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Zamfara mazaunin Ballarat, jihar Biktoriya, Ostireliya